Yadda Ake Fara Sana'ar Gina Shafukan Intanet Daga Gida

Na daɗe ina gina wa makarantu, ƙananan asibitoci, 'yan kasuwa da ƙungiyoyi shafukan intanet daga ɗakina, kuma duk matashin da ya zo koyo tambayarsa ta farko ita ce wace manhaja zai fara da ita. Manhaja ba ta kayar da mutum, 'yan watanni na naci sun isa hannu ya faɗa. Abin da na ga yana kayar da masu farawa shi ne mu'amala. Sana'ar nan ta fi kama da ɗinki: mutum ya zo da buƙatarsa, ka yi awo, ku yi ciniki, ya ba da kafin alƙalami, ka sa masa rana, ranar ta zo ya tarar da kayansa a shirye. Telan da ya iya yanka amma ba ya cika alkawari kowa ya san yadda unguwa ke guje masa. Zan riƙa cewa "kai" don sauƙi, amma har da ke 'yar'uwa nake, domin sana'a ce da ake yi daga cikin gida ba tare da hayar shago ba.

Kayan aiki

Kwamfutar tafi-da-gidanka ce jarin farko, kuma ba sai sabuwa dal a kwali ba. Ta hannu mai Core i5, da RAM giga 8, da ma'ajiyar SSD giga 256 ta wadatar. HP EliteBook, Dell Latitude da Lenovo ThinkPad suna da ƙarko, kuma kayan gyaransu ba sa wuyar samu. Idan a Kano kake, Beirut Road da Farm Centre nan ake zuwa. Kada kyawun jiki ya ɗauke maka hankali, batir za ka duba. Tun a shagon ka buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, zai fitar maka da rahoton ƙarfin batir na asali da wanda ya rage masa. Idan ya zube ƙasa da rabi, ka sa kuɗin sabon batir cikin cinikin.

Sai wuta. Ƙaramin sola da batir da inbata shi ne kwanciyar hankali. Idan jari bai kai ba, nemi babban fawa banki mai cajin kwamfuta, in taka tana karɓar caji ta USB-C. In shi ma babu, tsara aikinka: abin da ke cin caji ka yi shi lokacin da aka kawo wuta, rubutu da zanen tsari a takarda ka bar su lokacin da aka ɗauke.

Layin data biyu na kamfanoni daban-daban, domin ranar da za ka miƙa aiki ba ranar jiran sabis ba ce. A Windows ka kunna Metered connection a kan layin da kake amfani da shi, in ba haka ba kwamfuta za ta shanye maka data da sabunta kanta kana barci.

Ƙaramar wayar Android mai araha, irin wadda yawancin mutane ke riƙewa, don gwaji. Tebur da kujera mai jingina. Littafi mai kauri na rubuta cinikayya, wanda za mu dawo kansa a ƙarshe. Manhajojin farawa duk kyauta ne: Local ko XAMPP don gina shafi a cikin kwamfutarka ba tare da intanet ba, VS Code don rubuta lambobin shafi, Canva ko Figma don zane, Bitwarden don adana kalmomin sirri.

Abu na ƙarshe ba a kasuwa ake sayensa ba. Ka zauna da mutanen gida ka faɗa musu sa'o'in aikinka. Wanda ke zaune a ɗaki ana ɗaukarsa ba ya komai, shi ake aika cefane, shi ake sa wa rakiya. In ba ka ja layin nan da ladabi tun farko ba, kwana uku na aiki zai koma sati biyu.

1. Koyi abin da zai fara kawo kuɗi

Fara da HTML da CSS, wato ƙashin shafi da adonsa. freeCodeCamp na koyar da su kyauta, kana karantawa kana gwadawa nan take. Ba ina nufin ka zama gwanin rubuta manhaja kafin ka karɓi aiki ba. Ina so ne ranar da rubutu ya hau kan hoto, ko maɓalli ya ƙi zama inda ka sa shi, ka iya buɗe cikin shafin ka gane dalili. Sati huɗu zuwa shida, awa biyu kullum.

Daga nan ka koma WordPress, manhajar gina shafuka. Tun 2003 yake, kuma fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kansa suke, don haka duk matsalar da ka ci karo da ita wani ya riga ka, amsarta na nan a rubuce. Ka lura akwai WordPress.com, wanda kamfani ne mai ba da masauki, wato kwamfutar da shafi ke zama a kai, da sharuɗɗansa, akwai kuma WordPress.org, inda manhajar kyauta take wadda za ka ɗora a masaukin da ka ga dama. Ta biyun ce sana'arka. Ka zaɓi rigar shafi, wato shiryayyen tsarin kamannin shafi, guda mara nauyi, kamar Astra, Kadence ko GeneratePress, ka san ta ciki da waje. Ka koyi editan WordPress na asali ko Elementor, ɗaya daga ciki. JavaScript da sauransu suna nan zuwa, aiki ne zai kai ka gare su.

Kuskuren da na fi gani a nan shi ne kallon bidiyon koyarwa wata da watanni ba a gina komai ba. Duk darasin da ka kalla, rufe shi ka sake yin abin da kanka.

2. Gina samfura uku, na huɗu naka

Gani ya kori ji. Ba wanda zai ba ka kuɗi don ka ce ka iya. Ka ƙirƙiro makaranta, kantin atamfa da leshi, da ƙaramin asibiti, ka gina wa kowanne shafi cikakke, da rubutu na gaske irin wanda mai makaranta zai so iyaye su karanta. Ka rubuta a jiki cewa samfuri ne, kada ka ce aikin wani kwastoma ne. In kana da ɗan'uwa mai sana'a ko wata ƙungiyar unguwa, yi musu kyauta ko a kuɗi kaɗan, da sharaɗin su sayi adireshin intanet da masauki da kuɗinsu, kuma su yarda ka nuna aikin. Kyauta ɗaya ko biyu ta isa. Ta uku za ta sa a san ka da mai yi kyauta, kuma fita daga wannan sunan yana da wuya.

Naka shafin ya zama gajere: abin da kake yi, ayyukan da ka yi, da maɓallin WhatsApp.

3. Zaɓi waɗanda za ka yi wa aiki

"Ina yin kowane irin shafi" ba ta shiga kunne. "Ina yi wa makarantu masu zaman kansu shafi mai fom ɗin neman gurbi" tana shiga, don mai makaranta ya ji kansa a ciki. Ka dubi wanda ka fi sanin harkarsa. Wanda ya taɓa koyarwa ya san lokacin ɗaukar ɗalibai da abin da iyaye ke tambaya. Wanda ya taso a Kantin Kwari ya san dila ba ya son rubuta farashi a fili. Ƙungiyoyi masu neman tallafi na cikin waɗanda suka fi buƙata, domin masu ba da tallafi sukan duba shafi kafin su saurari kowa. Fa'idar tsayawa a fanni ɗaya ita ce aiki na biyar zai ci rabin lokacin na farko, kuma masu sana'a ɗaya sun san juna, su za su riƙa tura maka junansu.

4. Suna, rajista da asusun banki

Zaɓi suna mai sauƙin faɗa a waya da sauƙin rubutawa, ka duba ko adireshinsa na intanet na nan ba a ɗauka ba, sannan ka yi masa rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC. Ta intanet ake yi, da lambar NIN, kuma akan fara da neman amincewa da sunan. Da takardar rajista da lambar haraji ta TIN za ka buɗe asusun banki da sunan sana'ar. Makarantu da ƙungiyoyi da yawa ba sa tura kuɗi asusun mutum, akawunsu zai nemi takardar neman biya mai sunan kamfani. Kada ka manta CAC na buƙatar bayanin shekara-shekara.

In ba ka da kuɗin rajista yanzu, kada hakan ya tsayar da kai. Buɗe asusu na daban da sunanka wanda kuɗin sana'a kaɗai ke shiga, ka yi rajistar da ribar aiki na biyu ko na uku. Haɗa kuɗin aiki da na cefane a wuri ɗaya shi ke sa mutum ya cinye kuɗin masaukin kwastoma bai sani ba.

5. Neman aikin farko

A kusa yake, cikin lambobin da ke wayarka. Ka sanar da 'yan'uwa, abokan karatu da mutanen majalisa abin da kake yi, ka sa samfuranka a matsayin WhatsApp da Facebook. Ka ƙulla da masu buga takardu, masu zanen tambari da masu kafe, don wanda ya zo buga kati ko allon shago shi ne mai buƙatar shafi gobe. Ku yanka la'ada tun farko, ka kuma biya ta ranar da kuɗi ya shigo.

Dabarar da ta fi yi mini aiki ita ce Google Business Profile. Kyauta ne, shi ke sa shago ya fito a taswirar Google da lambar waya da lokacin buɗewa. Ka nemi sana'o'in garinku a taswira, za ka ga da yawa ba su ciki, wasu kuma lambar da ke kai ta daina aiki. Ka je da ƙafarka, ka yi sallama, ka nuna wa mai wurin a wayarka, ka ce za ka gyara masa a ɗan kuɗi. Ranar da baƙo ya kira shi ya ce a Google ya gan shi, shi da kansa zai tambaye ka maganar shafi.

In ka je wajen babban mutum, kada ka fara da sunayen manhajoji. "Ranka ya daɗe, duk wanda ya nemi makarantar nan a waya ba ya samun komai, ga yadda ta maƙwabtanku ke fitowa." Wannan ya ishe shi fahimta.

Upwork da Fiverr, shafukan neman aiki ta intanet, suna nan, ana kuma samun dala a cikinsu, amma ban ba mai farawa shawarar ya dogara da su ba. Gasa ce da duniya baki ɗaya, Fiverr na cire kashi 20 cikin 100 na kowane aiki, a Upwork kuma neman aikin kansa yana cin kuɗi. Ka bari sai ka tara ayyuka biyar na gaske da Turancin rubutu mai tsabta, sannan ka buɗe asusun karɓar kuɗin waje irin Payoneer ka gwada.

6. Zaman awo

Kada ka faɗi farashi a tsaye ko a waya. Ka nemi zama na rabin awa, da littafi a hannu. Tambayoyina ba sa canzawa. Wa kake so ya ziyarci shafin? In ya zo, me kake so ya yi: ya kira, ya cike fom, ya biya kuɗi, ko ya zo shago? Shafuka nawa? Wa zai rubuta bayanan, wa zai ba da hotuna? Da wane harshe? Akwai tsohon shafi ko adireshi? Wa ke da maganar ƙarshe a kan aikin?

Tambayar ƙarshen nan ka riƙe ta da kyau. Na taɓa gama aiki da manajan wani wuri, ya yaba, sai mai wurin ya dawo daga tafiya ya ce launin bai yi masa ba, tsarin ma a sake. Tun daga ranar nake neman wanda zai sa hannu ya ga zanen farko da idonsa.

Wani lokacin awo zai nuna maka mutumin ba ya buƙatar shafi. Mai sayar da turaren wuta da duk cinikinta ke WhatsApp, kundin kaya na WhatsApp Business ya ishe ta a yanzu. Ka faɗa mata gaskiya. Za ta dawo in sana'ar ta girma, kuma kafin nan za ta turo maka wasu.

Akwai kuma aikin da ba a karɓa ko nawa ne: shafi mai kama da na banki ko na hukuma don karɓar bayanan mutane, shafin ɗaukar aiki na bogi, shafin "zuba dubu goma ka kwashi ashirin". Dokar laifukan intanet ta 2015 ba ta bar wanda ya gina ba, kuma haƙƙin waɗanda aka cuta yana wuyanka.

7. Farashi da yarjejeniya

Raba kuɗin gida biyu a takarda. Na farko kuɗin da ke fita: adireshi, masauki, da duk wata manhajar biya. Na biyu ladan aikinka. Kwastoma ya ga kowanne daban, ya kuma san na farkon duk shekara ake sabuntawa. Da yawa sun ɗauka shafi kamar allon shago ne, a biya sau ɗaya a huta, sai shekara ta zagayo a fara rigima.

Ladan aiki daga buƙatarka ake lissafa shi. A misali, in kana so sana'ar ta ba ka naira 300,000 a wata bayan data da wuta, kuma ka san ba za ka iya gama fiye da ayyuka uku masu kyau ba, to duk aikin da ya gaza 100,000 asara kake yi. Ka sa lambobinka a wurin nawa. Ka shirya matakai uku: shafi guda mai bayanin sana'a, shafuka biyar zuwa bakwai, da kanti mai karɓar kuɗi. Za a yi tayi, al'adarmu ce. In an nemi ragi ka rage aikin, kada ka rage kuɗi kawai: "Alhaji, a wannan kuɗin shafuka uku za a yi, ba bakwai ba." In tayin ya yi ƙasa da yawa, albarka ma amsa ce. Duk abin da ake biya da dala ka rubuta cewa farashinsa na kwana bakwai ne ko goma sha huɗu, domin tun da aka saki canjin naira a 2023 wanda bai yi haka ba ya sha cikawa daga aljihunsa.

Kafin alƙalami rabi ne ko kashi 60 cikin 100, kuma sai ka ga alat kafin ka taɓa komai. Hoton rasit ba kuɗi ba ne, buɗe asusunka ka gani. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: in ka karɓa, ranar da ka sa ta zama bashi a kanka.

Yarjejeniya shafi ɗaya ta isa, ko da da ɗan'uwanka ne. In wani ya ce ai akwai yarda, ka tuna masa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Abin da za a rubuta: yawan shafuka da abin da ke cikinsu, kuɗi da lokacin biya, ranar gamawa, gyara sau biyu kyauta na uku da kuɗi, da cewa kwanakin aiki suna fara ƙirguwa ne daga ranar da rubutu da hotuna suka iso hannunka. Wannan sharaɗin na ƙarshe shi ya fi cetona. Mafi yawan jinkiri daga wajen kwastoma yake, ya yi wata bai turo bayani ba, sannan ya ce kai ka riƙe aiki. In ka ga ba zai iya rubutawa ba, ka yi masa tambayoyi ya amsa da saƙon murya, kai ka rubuta, ka sa kuɗin rubutun daban.

8. Adireshi da masauki: nan amanar take

Adireshi, wanda ake kira domen, shi ne sunan da ake rubutawa a kai ga shafi. Masauki, wato hostin, shi ne kwamfutar da shafin ke zaune a kai dare da rana. Kamar fili ne da takardar mallakarsa. Ka sayi domen da sunan kwastoma, da imel ɗinsa, da lambar wayarsa. Ba da naka ba, ko da ya ce kai ka riƙe.

Wani mai makaranta ya taɓa zuwa wajena hankali a tashe. Wanda ya gina masa shafi shekaru uku baya ya yi rajistar adireshin da sunan kansa, ya bar gari, layinsa ba ya shiga. Wa'adin ya ƙare, shafin ya sauka, ga adireshin a jikin motar makaranta, da rasitai, da rigunan wasanni. Dole muka sayi sabo aka sake buga komai. Wataƙila wanda ya yi masa bai nufi cuta ba, amma cutar ta auku, kuma irinta ce ta sa 'yan kasuwa da yawa ke ɗari-ɗari da mu. Wasu suna riƙe domen da gangan don kada kwastoma ya koma wajen wani. Kada ka yi. In kwastoma ba shi da imel, buɗe masa, ka rubuta masa kalmar sirrin a takarda.

Adireshin Najeriya mai ƙarewa da .ng ƙungiyar NiRA ce ke kula da shi, ana saye ta hannun dillalan da ta amince da su, da naira. .com.ng ya fi araha, .org.ng na ƙungiyoyi ne, .sch.ng na makarantun firamare da sakandare, .edu.ng na manyan makarantu, .gov.ng kuwa na gwamnati kaɗai. A Nijar .ne ne, a Gana .gh. Wanda ke harka da ƙasashen waje .com ya fi masa.

Wajen masauki, kamfanonin gida suna karɓar naira kuma ana samunsu a waya, na waje irin Namecheap galibi sai da katin da ke biyan dala. Ko wanne ka ɗauka, duba kuɗin sabuntawa na shekara ta biyu, don sau da yawa farashin farko na jan hankali ne. Ka tabbata akwai SSL kyauta, wato makullin nan da ke sa adireshi ya fara da https, da kwafin ajiya, da imel mai sunan sana'a. Bayan ka haɗa domen da masauki, yakan ɗauki daga 'yan mintuna har zuwa awa 48 kafin ya bayyana ko'ina, kada ka tsorata ka fara taɓe-taɓe.

9. Gini

Zana tsarin a takarda ko Figma, a amince, sannan ka gina. Ka fara da fuskar waya, don a waya kusan duk maziyartan za su gani. Abin da mutum ya zo nema ya kasance a sama: me ake yi a nan, ina ne, yaya zan tuntuɓe ku. Maɓallin WhatsApp ana yin sa da wa.me/ sai lambar da ta fara da 234, ba sifilin farko, ba alamar tarawa.

Hoto shi ke nauyaya shafi. Hoton waya yakan kai mega huɗu ko biyar, ka rage shi da Squoosh ko TinyPNG ya dawo ƙasa da kilobait 200, in da hali a tsarin WebP. Mai ziyara da kuɗinsa ya sayi data. Hotunan wurin na gaske sun fi na Turawa masu murmushi da aka ɗauko a intanet. In babu masu kyau, ka je da safe lokacin da haske ke da laushi ka ɗauka da kanka. Kada ka kwafi hoto daga binciken Google, yana da mai shi. Unsplash da Pexels suna bayarwa kyauta.

In shafin da Hausa ne, gwada ƙ, ɗ da ɓ, manya da ƙanana, a salon rubutun da ka zaɓa kafin ka yi nisa. Salo da yawa ba su da su, sai ka ga harafin ya fito da wata siffa daban ko akwati. Noto Sans na da su duka.

Ƙarin manhajoji, wato filogin, ka taƙaita: ɗaya na fom, ɗaya na tsaro kamar Wordfence, ɗaya na kwafin ajiya kamar UpdraftPlus, ɗaya na fitowa a bincike kamar Yoast ko Rank Math. Kanti kuwa WooCommerce ne, a haɗa shi da Paystack ko Flutterwave, kuma asusun karɓar kuɗin na kwastoma ne, da takardunsa. Kada ka kuskura ka ɗora riga ko filogin na biya da aka fasa ake rabawa kyauta a guruf. Sau da yawa an dasa musu ƙofar baya, wata rana a wayi gari shafin makaranta yana tura iyaye shafin caca. Kada sunan shiga ya zama admin. In fom yana karɓar bayanan mutane, musamman na yara ko marasa lafiya, ka karɓi abin da ake buƙata kaɗai, ka sa shafin bayanin sirri, domin dokar kare bayanai ta 2023 ta shafi kwastomanka.

10. Gwaji da miƙawa

Buɗe shafin a ƙaramar wayar nan da data, ba da Wi-Fi ba. Danna kowane maɓalli. Cike kowane fom ka tabbata saƙon ya isa imel ɗin kwastoma, bai faɗa kwandon shara ba. Kira lambar da ke jiki. In kanti ne, sayi abu mafi araha da katinka ka ga kuɗin ya shiga. Saka adireshin a PageSpeed Insights ka gyara abin da ya fi nauyi. A cikin saitin karatu na WordPress akwai ɗan akwatin da ke hana injunan bincike ganin shafi. Ana cike shi lokacin gini, a manta a cire, shafi ya yi watanni Google bai san da shi ba. Ka duba shi, sannan ka yi wa shafin rajista a Google Search Console.

Ka nuna aikin a adireshin gwaji, a biya cikon kuɗi, sannan ka ɗora a adireshin gaske. In ka juya tsarin nan za ka yi ta sintirin bin bashi. Ranar miƙawa ka ba shi takarda ɗaya mai duk sunayen shiga da kalmomin sirri da ranakun sabuntawa, ka zauna da wanda zai riƙa kula da shafin ka nuna masa yadda ake sa labari da canza hoto. Ɗauki ɗan bidiyon fuskar kwamfuta na minti biyar da Hausa ka tura masa, zai rage maka kiran dare. Ka nemi izinin sa aikin cikin samfuranka, da kalma biyu na shaida daga bakinsa.

11. Kulawa da sabuntawa

Aikin gini yana zuwa yana ɗaukewa, wani watan uku, wani watan babu ko ɗaya. Abin da ke riƙe gida shi ne kuɗin kulawa. Tun a yarjejeniya ka rubuta cewa gyaran kuskure kyauta ne na kwana 30, bayan nan akwai kuɗin wata ko na shekara, wanda ya ƙunshi sabunta WordPress da filogin, kwafin ajiya, da ƙananan canje-canje har zuwa adadin da kuka yanka. Kafin kowane sabuntawa ka ɗauki kwafi, ka ajiye shi a wani wuri daban kamar Google Drive, ba a cikin masaukin kaɗai ba.

Yanzu ɗauko littafin nan mai kauri. Kowane kwastoma shafi guda: sunansa, adireshin shafinsa, kamfanin da aka sayi domen da masauki, ranar ƙarewar kowanne, abin da ya biya da abin da ya rage. Kalmomin sirri ba a nan ba, suna Bitwarden. Ka sa ƙararrawa a kalandar waya kwana 30 kafin kowane wa'adi, ka tura saƙo, ka sake a kwana 14, a kwana 7 ka kira. Domen da wa'adinsa ya wuce yana da ɗan lokacin rangwame, daga nan sai da tara mai tsada, daga nan a sake shi kasuwa kowa ya saya. In kwastoma ya yi tafiya ko bai amsa ba, kuma ka san mutumin kirki ne, biya masa na domen kaɗai daga asusun sana'a, ka tura masa rasit, ka rubuta a shafinsa na littafin da jan biro.